Kada Ƙamshi Ya Tsallake Katanga

Ranar da aka kafa dokar kulle a Maiduguri, Habib ya garƙame shagonsa na sayar da abinci da ke bakin titin Bulumkutu, ya daɗe yana jijjiga kwaɗon don duk mai wucewa ya shaida shi mai bin doka ne. Kashegari da sassafe tukwanen shagon suka shigo gidansa a bayan keke napep, an lulluɓe su da tabarma.

Sunan matarsa Muhsinat ne a jikin allon shagon, amma duk wanda ya taɓa cin burabusko da miyar yakuwa a wurin, girkin Aisa ya ci. Aisa ɗiyar wan mahaifin Habib ce, ta girme shi nesa ba kusa ba. Tun da rikici ya cinye mata miji da gari take zaune a gidansa, kuma tun daga lokacin take tsaye a gaban murhunsa. Ba a kiranta ma'aikaciya, don ita ma'aikaciya ana biyanta. 'Yar uwa ce. Ya Aisa ake ce mata, cikin ladabi, har da rusunawa.

Habib ya ja ta zuwa sito, wani ƙanƙanen ɗaki a ƙuryar gida mai rufin kwano da taga guda ɗaya kamar ta kurkuku.

"Ya Aisa, a nan za ki riƙa yi mana aikin."

Ta leƙa ciki, ta dube shi. "A ciki, Habibu? Ga tsakar gida fili fetal?"

"Tsakar gida hayaƙin itace zai tashi, 'yan kwamitin korona su hango tun daga titi. Gawayi na sayo. Shi gawayi ba ya tona asiri."

"To a bar mini ƙofa a buɗe."

"In kika soya albasa ƙofa a buɗe, har mutanen unguwar Hausari sai sun ji. Haƙuri za ki yi. Tagar ma Muhsinat za ta toshe da buhu."

"Azumi fa za a ɗauka. Ga zafin nan da ake yi."

Ya yi murmushi. "Ai shi ya sa na ce ke kin fi mu rabo. Mai dafa wa masu azumi abin buɗa baki, wa ya san iyakar ladansa? Mu sai dai mu roƙe ki ki tuna da mu a can."

Habib ba jahili ba ne. Ya yi jami'a, ya san abin da garwashin gawayi ke yi wa mutum a rufaffen ɗaki. Ya sani sarai, ya zaɓi ya manta.

Saura ƙamshin miya, wanda buhu ba ya iya tarewa gaba ɗaya. Nan Muhsinat ta kawo tata dabarar. Ita ɗiyar gidan masu haɗa turaren wuta ce, tana da kwalabe jere a ɗakinta, na hawi da na gabgab, waɗanda ko ƙawayenta ba ta ba su sirrin haɗinsu. Ta jera kasko uku: ɗaya a zaure, ɗaya a gindin katangar da ta raba su da maƙwabta, ɗaya a daidai ƙofar sito, inda ɗan ramin da ya rage a ƙasan ƙyaure yake. A garin nan babu mai tambayar gida dalilin da ya sa yake ƙamshin turare. Sai dai mai wucewa ya ce, matar gidan nan ta iya. Ta haka 'yar kafar da iska za ta bi ta shiga wurin Aisa, ita ma hayaƙi take kai mata.

Kasuwa ta buɗe fiye da lokacin da shago ke buɗe. Wayar Muhsinat ba ta hutawa. Gwauraye, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da aka rufe a masaukinsu, ɗaliban da kulle ya rutsa da su a unguwar Mairi, kowa yana son shinkafa da miya, ko sinasir, ko naman danderu kafin a sha ruwa. Aisa takan shiga sito da hantsi, a ja mata ƙofa. Murhun gawayi huɗu ne ke ci a gabanta, kwano yana gasa ta daga sama. Ba ta fitowa sai in za ta yi salla. Da la'asar Muhsinat ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta zuba abinci a robobin tekawe, Ajimi mai keke ya zo ya loda su a cikin buhun gawayi, ya bi lunguna ya raba.

Ajimi magidanci ne mai yawan barkwanci. Duk ranar da ya zo sai ya tsaya a ƙofar sito ya ɗaga murya.

"Wushe, sannu, Ya Aisa! Kina ciki ko kin dahu? In kin dahu a sa mini ke a roba, akwai wani Bature da ke son nama mai tauri."

"Tafi can, ɗan nema," takan ce daga ciki, tana dariya. "Uwarka ce mai tauri."

Dariyar ce ta fara komawa tari.

Da farko ciwon kai ne, irin wanda ke sara a tsakiyar goshi. Ta gaya wa Muhsinat. Muhsinat ta ce, "Ayya, Ya Aisa, azumi ne. Ni ma nan kaina kamar ya rabe." Ta faɗi haka tana kwance a ƙarƙashin fanka mai caji. Daga nan sai jiri. In Aisa ta miƙe daga gaban tukunya sai bango ya juya, ta dafa shi har ya tsaya. Sai tari, busasshe da fari, daga baya ya riƙa fito da majina baƙa kamar an dama toka.

A wannan lokacin gari ya ɗauki muhawara: a bar masu abincin tekawe su buɗe ko kada a bar su? Habib shi ne sakataren ƙungiyar masu sayar da abinci ta unguwar, kuma Allah ya ba shi baki. Wata rana da azahar ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida ya buga waya gidan rediyo, aka sa shi kai tsaye.

"Jama'a, a duba lamarin nan da idon rahama," in ji shi. "Akwai bayin Allah da ba su da murhu, ba su da mata. Akwai ma'aikacin asibiti da zai kwana a kan aiki, ina zai ci? Mu ba mu ce a zauna a ci a shago ba. A zo a karɓa a wuce. Cuta ake gudu, to yunwa fa? Ita ba ta kisa?"

Wani malamin makaranta mai suna Dzarma ya bugo daga Mairi ya ce layin karɓar abincin shi ne matsalar, mutanenmu ba su iya tsayawa nesa da juna ba, gara a ƙara haƙuri. Habib ya ce za su zana wa kowa wurin tsayawa da fenti. Mai gabatarwa ya yaba wa duka biyun. Kowannensu yana da gaskiyarsa. An yi maganar mai saye, an yi maganar mai shago, an yi maganar fenti. Taku kaɗan daga inda Habib ke zaune, Aisa na durƙushe ta cusa bakin zaninta a baki, don an ce mata kada ta kuskura ta yi tari yana kan waya.

Da ya gama ta buɗe ƙofar da kanta, ta fito da rarrafe ta zauna a dokin ƙofa tana jan numfashi. Idanunta sun yi ja, leɓɓanta sun bushe sun yi duhu.

"Habibu, ka kai ni asibiti."

Ya waiga da sauri ya dubi katanga. "Ya Aisa, rage murya. Kin san abin da kike faɗa kuwa? Yanzu duk wanda ya je asibiti da tari, korona za su ce. Su ɗauke ki a motar nan mai jiniya, su kai ki inda ba mai ganinki. In ta Allah ta kasance, ko gawarki ba za su ba mu ba. Ni zan miƙa 'yar uwata ga wannan wulaƙancin? Me zan gaya wa Baba a lahira?"

"Ba korona ba ce. Ɗakin nan ne."

"To kin gani, ke ma kin faɗa. Tun da ba ita ba ce, me za ki je yi?"

Muhsinat ta fito da mayafi a hannu, ta tsaya daga nesa, ta rufe hancinta da gefensa. "Sanyi ne ya kama mata ƙirji. Ruwan randa take kwankwaɗa da buɗa baki, na hana ta ba ta ji. Bari in turara ta, Hajjarmu haka take yi mana."

Ta kuwa turara ta. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare da wasu saiwoyi, ta sa Aisa ta sunkuya a kai, ta lulluɓe ta da bargo. Matar da hayaƙi ke kashewa, aka yi mata magani da hayaƙi. Aisa ta yi ta tari a ƙarƙashin bargon har ta yi amai. Muhsinat ta ce, "Alhamdu lillahi, ga ciwon nan yana fita." Ta ƙara da cewa turaren nan mai tsada ne, ba kowa take ƙona wa shi ba.

Bayan katangar akwai Rebeka, 'yar kudancin Borno, akawu a wata makaranta, wadda ke haya da 'ya'yanta. Wata safiya ta taka turmi ta leƙo.

"Maman Jannat, ina kwana? Wai wane ne ke tari haka a gidanku? Tun jiya nake ji, abin har cikin raina."

Muhsinat ba ta ko ƙifta ido ba. "Akuyarmu ce, Maman Hope. Leda ta ci."

"Akuya? Akuyar da ke cewa wayyo Allah?"

"Kin san akuyoyin yanzu."

Rebeka ba ta yi dariya ba. "Ina Ya Aisa? Na kwana biyu ban ji muryarta ba."

"Tana lazimi. Kin san ta da ibada in azumi ya zo."

"Ki gaishe ta. Ki ce mata in tana son wani abu ta buga katanga, ina ji." Ta ƙara da cewa, "Akwai lambar da aka ce a kira in an ga mara lafiya. Ni dai ba na son shiga harkar gidan mutane."

Ta sauka daga turmin. Ba ta kira ba. Tana da 'ya'ya, gidan haya take, kuma ita ma ranar Lahadi ta aika an karɓo mata dafa-duka ta ƙofar baya.

Daga ranar aka ɗauke shimfiɗar Aisa daga ɗakin yara, wai kada ta shafa musu mura. Ba a mayar da ita ɗakin baƙi ba, don yana jikin katangar Rebeka. Sito aka kai tabarmarta. In an gama girki a kwashe garwashi, ta kwanta a inda ta yini, bango yana fitar da zafin da ya sha. Aka ware mata kofi da kwano. Wato sun yarda tana iya shafa wa 'ya'yansu ciwo, amma ba su ga laifin ta dafa wa rabin gari abinci ba.

Ana tsakiyar azumi ta faɗi. Tana sauke tukunyar miya jiri ya ɗebe ta, gefen tukunyar ya kama mata hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Ƙarar murfi ce ta sa Muhsinat ta buɗe ƙofa. Abin da ta fara cewa shi ne, "Miyar ta zube?"

Ba ta zube duka ba. Aka ja Aisa waje, aka yayyafa mata ruwa, aka shafa mata man goge baki a ƙunar. Da Habib ya dawo ya tsuguna a gabanta, fuskarsa cike da tausayi.

"Ya Aisa, na yi tambaya. Mara lafiya Allah ya ɗauke masa azumi. Daga gobe ki riƙa shan ruwanki, kya rama daga baya. Addini sauƙi ne."

Ta dube shi da idanun da suka faɗa. "Aikin fa? Shi ba a ɗauke wa mara lafiya?"

"Ai don ki samu ƙarfin aikin ne."

"Muhsinat ta karɓe ni ko na kwana biyu."

"Kin san ta da asma tun tana yarinya. Ɗakin nan ba zai yi mata ba."

Ya faɗi haka bai ji kunyar bakinsa ba. Ya san ɗakin ba ya yi wa mai numfashi. Ya dai auna numfashin wa ya fi tsada.

"Kuma ki duba," ya ci gaba, "yaran nan da me za su ci in muka tsaya? Ke da kanki me za ki ci? Shekara nawa kina gidan nan, na taɓa yi miki gori? Wasu 'yan uwansu na sansani suna layin garin masara. Ki ƙara haƙuri kaɗan, an kusa buɗe mana shago. Kina komawa can ga iska ga fili, tarin nan zai tafi da kansa."

Ta koma. Da hannu ɗaya take juya tuwo, ɗayan a naɗe da tsumma. Ba ta ajiye azumin ba. Ta ce shi kaɗai ne abin da take yi don kanta. Ƙafafunta suka kumbura, ta daina iya kwanciya sai dai ta jingina da buhun shinkafa. Magana ma sai ta yanka ta gida-gida. Ajimi ya daina yi mata barkwanci. Ya kan ɗauki buhunsa ya fita da sauri, kansa a ƙasa.

Sai labari ya zo cewa hukuma ta amince masu abincin tekawe su buɗe, da sharaɗi: ruwa da sabulu a ƙofa, takunkumi a fuska, tazara a layi, kuma duk shagon da aka samu mara lafiya a cikin masu aikinsa ko a gidan mai shi, za a rufe shi a killace gidan. Habib ya yi ta amsa waya ana taya shi murna. Ya sayi fenti. Ya samo wata mata mai suna Lauratu da za ta tsaya a murhun shago, lafiyayya, mai kyan gani a cikin takunkumi.

Da yamma shi da Muhsinat suka zauna a gindin darbejiya suna magana ƙasa-ƙasa.

"In suka zo duba gida fa?" in ji Muhsinat. "Ko matar nan ta katanga ta buɗe baki?"

"Na yi tunani. Akwai Ya Kaltum, ƙanwar mahaifiyarta, a sansanin 'yan gudun hijira. Can akwai likitocin Turawa, magani kyauta. Wallahi ya fi mata nan."

"Gaskiya ne. Taimakonta ne ma. Amma Lauratu ba ta san haɗin miyarmu ba, kuma gobe ranar farko ce."

"Sai ta yi mana ta gobe kafin ta tafi."

Haka aka yi. Ranar buɗe shago, tun bayan sallar asuba Aisa na sito. A zaune ta soya miyar, Muhsinat na miƙa mata kaya daga bakin ƙofa. Da aka kwashe tukwane zuwa shago, Habib ya zo ya durƙusa.

"Ya Aisa, na samo miki hanyar magani. Ajimi zai kai ki wurin Ya Kaltum. Kina warkewa ni da kaina zan zo in ɗauko ki."

Ta dube shi. "Habibu... ni na yi maka wankan... ranar sunanka."

"Na sani, Ya Aisa. Shi ya sa ba zan bar ki haka ba."

Muhsinat ta ɗaure mata kayanta a ɗankwali, ta saka mata 'yar kwalbar turare a ciki, ta ce tsaraba ce ga Ya Kaltum. Aka fito da ita ta ƙofar baya.

A ƙofar sansani masu gadi suka tare keken tun daga nesa. Tun farkon annoba aka hana baƙi shiga. Ajimi ya ce ba baƙuwa ba ce, 'yar uwarta na ciki. Mai gadin ya hango Aisa a jingine tana tari, ya ja da baya ya gyara takunkuminsa.

"Malam, juya da ita. Mutum dubu nawa ne a cikin nan, kana so ka ƙone su? Kai ta asibiti."

Ajimi ya juya. Ya kama hanyar asibiti, har ya hango ginin, sai ya taka birki. In ya shiga da ita za a tambaye shi daga ina, za a riƙe shi, a riƙe keken, a je gidansa a killace matarsa da 'ya'yansa. Kuma keken ba nasa ba ne. Ya buga wa Habib waya. Tana ta ringi ba a ɗauka. Ya sake bugawa, aka kashe. Ya buga wa Muhsinat, ta ce tana cikin jama'a, ya yi abin da aka sa shi.

"Ya Aisa," ya ce ba tare da ya waiwaya ba, "ki yafe mini. Ni ɗan aike ne. Bari in mayar da ke wurin masu ke."

Numfashinta ya koma kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace.

Gidan a kulle ya same shi, kowa ya tafi shago. Don haka ya nufi bakin titi.

La'asar ta yi sanyi, shagon ya cika. An zana da'irori da farin fenti tun daga ƙofa har bakin kwalta, kowane mai saye na tsaye a cikin tasa. Ga bokiti mai famfo, ga sabulu. Habib na tsaye cikin farar shadda da takunkumi da safar hannu, yana yi wa wasu jami'an kwamiti biyu bayani, suna gyaɗa kai. Ajimi ya tsayar da keken a gefen layi, ya sauko.

"Alhaji, sun ƙi karɓarta."

Habib ya dube shi, ya dubi keken, ya dubi jami'an. "Wa?"

"Ya Aisa mana. Ga ta nan, wallahi jikin ya yi tsanani."

Aisa ta yi tari. Layin gaba ɗaya ya watse daga da'irorinsa kamar an jefa dutse cikin kaji. Wata mata ta ja ɗanta. Wani ya ce, "Subhanallahi, a nan kuma?"

Ɗaya daga cikin jami'an ya tambaya, "Alhaji, ka san ta? A nan take aiki?"

"A nan? Ga mai girkinmu can," in ji Habib, ya nuna Lauratu. "Wannan baiwar Allah 'yar gudun hijira ce, mukan taimaka mata da abinci saboda Allah. Ka san halin garin nan, in ka yi wa mutum alheri sau ɗaya, shi ke nan ka zama ubansa." Ya juya ga Ajimi, murya a sama. "Kai kuma wane irin rashin hankali ne wannan? Ka kawo mara lafiya inda jama'a ke karɓar abinci? Ka matsa da ita!"

Ajimi ya tura keken da hannu zuwa gindin wata bishiya a tsallaken titi. Jami'in ya ce zai kira motar asibiti, ya yaba wa Habib da ya nuna kula da lafiyar jama'a. Muhsinat ta fito da ruwan sabulu ta watsa a inda keken ya tsaya. A hankali kowa ya koma cikin da'irarsa.

Daga inda take jingine Aisa na ganin ƙofar shagon. Ta ɗaga hannun da bai ƙone ba kaɗan, kamar mai son kiran wani, sai ta mayar da shi kan cinyarta. Ajimi ya sayo ruwan leda ya tsaya da shi a hannu yana jiran kiran salla, don ya san ba za ta sha ba sai an kira. Da ladan ya ɗaga murya ya huda ledar ya kai bakinta. Ruwan ya bi gefen haɓarta ya sauka a wuyan rigarta.

Motar ta iso bayan an idar da magariba. Mutane masu fararen kaya suka ɗauke ta a cikin jaka. Da suka tambayi danginta, ba a samu ko ɗaya ba.

Miyar ranar ta ƙare tun kafin layi ya ƙare. Waɗanda suka samu sun kai gida, sun buɗa baki da ita, sun ce hannun gidan Habib bai canja ba duk da kulle. Washegari rediyo ta ce an yi nasara, an buɗe shaguna kuma jama'a sun bi doka. Masu cewa a buɗe sun yi murna. Masu cewa a rufe sun ce za a gani. Dukansu sun yi makonni suna musu a kan ƙofar shago, alhali murhun bai taɓa mutuwa ba ko na yini ɗaya. Doka ta tura shi cikin gida ne kawai, inda babu kwamiti, babu rediyo, inda kalmar 'yar uwa ta isa ta rufe bakin kowa. Unguwa guda ta ci abincin nan. Ta san daga inda yake fitowa, ta ji tarin, ta shaƙi turaren, ta ce ba ta son shiga harkar gidan mutane. A gidaje nawa ne a garin nan ake da wata Ya wance da ake gaisarwa da rusunawa, ana kashe ta da aiki? Kowa ya san amsar gidansu.

Bayan sallar Idi, da abubuwa suka lafa, Habib ya sanar cewa yayarsa ta rasu a wurin dangi bayan gajeriyar jinya. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane suka zo ta'aziyya. Ya yi kuka sosai. Kowa ya ce samun ɗan uwa mai riƙon zumunci irinsa sai an tona.